Hanya Mai Lamba 66: Asalin Gidajen Tarihin Bakin Titi a Amurka

A garin McLean na jihar Teksas, garin da mutanensa ba su kai 1,000 ba, akwai wani gidan tarihi da aka keɓe domin waya mai ƙaya, irin wadda ake shinge gona da ita. A bakin ƙofarsa an ɗora manyan dunƙule biyu na tsatsattsiyar waya a kan ginshiƙan dutse. A ciki kuwa, bango bayan bango, an jera gutsattsarin waya iri-iri, kowanne da takardarsa mai ɗauke da sunan wanda ya ƙirƙiro shi, ga kuma kayan aikin da ake ja da ɗaure ta da su. Ginin kansa tsohuwar masana'antar ɗinka rigunan mama ce. An buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1991, da suna Devil's Rope Museum.

Irin wannan wuri ba ya ƙirguwa a Amurka. Wani ya tara tsofaffin famfunan gidan mai, wani lambobin mota, wani ya gina ƙaton kifi da siminti a bakin kududdufi. Matafiyin da ya bar manyan hanyoyi ya bi tsofaffi zai yi ta cin karo da su, sau da yawa kuma wani dattijo ne ko dattijuwa zai tarar a bakin kanta, ga akwatin jefa gudummawa, ga littafin da baƙi ke rubuta sunansu da ƙasarsu. Mafi yawansu ba gwamnati ce ta tsara su ba, ba kuma malaman jami'a ba. Sau biyu aka haife su. Haihuwar farko neman abinci ne ya kawo ta, ta biyu kuma baƙin cikin rashin hanya.

Tun kafin mota, Amurkawa sun saba biyan kuɗi su ga abin mamaki. A 1841 P. T. Barnum ya sayi wani gidan kallo a New York ya cika shi da namun daji, da gumakan kakin zuma, da abubuwan ƙarya da na gaskiya a cakuɗe, mutane kuma suka yi ta tururuwa har gobara ta cinye shi a 1865. A 1881 wani dillalin filaye, James Lafferty, ya gina gida mai siffar giwa a gaɓar tekun New Jersey don kawai masu sayen fili su zo, kuma giwar tana nan har yau ana kiran ta Lucy. Dabarar ta riga ta zauna, wato ka yi abin da ido ba zai iya wucewa ba, ciniki zai biyo baya. Abin da ya rage shi ne hanya da mota.

Motar ta zo a 1908, lokacin da Henry Ford ya fitar da Model T. Kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi fiye da miliyan 15, farashinta kuma ya sauko har ƙasa da dala 300, ta yadda manomi da malamin makaranta suka iya mallaka. Hanyoyin ne ba su da kyau. Da damina laka, da rani ƙura, kowace kuma da sunan da wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta raɗa mata. Sai gwamnatin tarayya da jihohi suka yanke shawarar ba manyan hanyoyi lambobi. Cikin kwamitin da ya yi wannan aiki akwai Cyrus Avery, ɗan kasuwa daga Tulsa, wanda ya dage a ja hanyar Shikago zuwa Los Angeles ta kudu, ta ratsa jiharsa ta Oklahoma. Ranar 11 ga Nuwamba, 1926 aka tabbatar da ita da lamba 66. Tsawonta ya kusa kilomita 3,940, ta ratsa jihohi takwas: Illinois, Missouri, Kansas, Oklahoma, Teksas, New Mexico, Arizona da Kaliforniya. Ba a gama shimfiɗa mata kwalta da kankare ba sai 1938.

Ba sabuwar hanya aka sara a daji ba. Hanyoyin da ke akwai aka haɗa, saboda haka ta bi ta tsakiyar kowane ƙauye, ta gaban shagon aski da kantin magani. A nan ne komai ya samo asali. Jirgin ƙasa dole ya tsaya a tasha, ko fasinja yana so ko ba ya so, mai abinci a tasha kuwa cinikinsa tabbas ne. Mota ba haka take ba. Ba ta tsayawa sai direba ya ga dama. Mai shago a bakin titi yana da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai ya ja hankalin mutumin da ke tafe a guje, ga gajiya, ga yara suna kuka a baya. Idan ya wuce, ya wuce ke nan, maƙwabci a gari na gaba ne zai ci kuɗin.

Shekarun farko ma ba na yawon shaƙatawa ba ne. Tattalin arziki ya karye a 1929, sannan fari da guguwar ƙura suka cinye gonakin Oklahoma da Teksas da Kansas. Dubban iyalai suka ɗaure katifa da tukwane a kan tsofaffin motoci suka nufi Kaliforniya neman aikin gona. Labarinsu ne John Steinbeck ya rubuta a littafinsa The Grapes of Wrath a 1939, daga nan kuma laƙabin Uwar Hanya ya bi wannan titi. A wannan zamani na babu ne aka ƙirƙiro dabarun da suka fi daɗewa.

Wadda ta fi burge ni ba a kan hanya ta 66 ma ta faru ba. A 1931 wani matashi mai ilimin haɗa magunguna, Ted Hustead, da matarsa Dorothy suka sayi ƙaramin kantin magani a Wall, wani ƙauye a jihar South Dakota da mutanensa ba su kai 400 ba. Suka ba kansu shekara 5, in abin bai yi ba su tattara. Wa'adin ya kusa cika, ciniki shiru. Wata rana da zafi a 1936 Dorothy ta kwanta ta kasa barci saboda ƙarar motocin da ke wucewa ta bayan gari zuwa dutsen Rushmore. Sai ta yi tunanin abin da mutanen cikin motocin nan suke so a wannan zafi: ruwan sanyi. Su kuwa suna da ruwa, suna da ƙanƙara. Mijin ya rubuta alluna ya kafa a bakin hanya cewa akwai ruwan ƙanƙara kyauta a kantin Wall. Kafin ya dawo daga kafa su, motoci sun fara tsayawa. Kamar dai randa da moɗa ne da ake ajiyewa a ƙofar gida don mai wucewa, sai dai a nan wanda ya sha ruwa yakan sayi wani abu kafin ya fita. Yau Wall Drug ya cinye kusan layi guda na garin, da hotunan tarihi, da zane-zanen kaboyi, da ƙaton gunkin dabbar zamanin da a bakin hanya, baƙi kusan miliyan 2 a shekara. Ruwan har gobe kyauta ne.

A Missouri kuma Lester Dill ya buɗe kogon Meramec ga masu kallo a tsakiyar shekarun 1930. Shi nasa salon daban ne. Yakan je wurin manomi ya ce zai yi masa fentin rumbun gonarsa kyauta, in dai zai bari a rubuta sunan kogon da manyan haruffa a kan rufin. Haka sunan ya bazu a jihohi da dama. Yayin da baƙi ke cikin kogo, yara na waje suna ɗaura wa bambar motocinsu kwalin talla. Ya kuma yaɗa cewa kogon maɓoyar shahararren ɗan fashi Jesse James ce, har a 1949 masu wurin suka kawo wani tsoho da ke iƙirarin shi ne Jesse ɗin, alhali an kashe Jesse tun 1882. Gaskiya da ƙari sun daɗe suna zama ɗaki ɗaya a wannan sana'a, kuma mai ziyara ya kamata ya san haka.

Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, sai kasuwa ta buɗe sosai. Sojoji sun dawo, albashi ya ƙaru, mai ya yi arha, ma'aikata sun samu hutun shekara da biya. Waƙar da Bobby Troup ya rubuta kan hanyar, wadda Nat King Cole ya rera a 1946, ta sa sunayen garuruwanta a bakin kowa. Masaukai suka yi ta tsirowa da fitilun niyon ja da kore. A Holbrook ta Arizona, Chester Lewis ya gina ɗakunan kwana 15 na kankare masu siffar tantin 'yan asalin ƙasar a 1950. Ya sami izinin zanen ne daga Frank Redford, wanda ya fara irinsa a Kentucky, ladan Redford kuma shi ne sulallan da baƙi ke jefawa a rediyon da ke kowane ɗaki. A Amarillo, gidan abincin Big Texan da aka buɗe a 1960 ya yi shelar cewa duk wanda ya cinye tsokar naman sa mai nauyin kusan kilo 2 da abin haɗinta cikin awa ɗaya ba zai biya ko sisi ba. A shekarun 1960 wani kamfani a Kaliforniya ya riƙa zuba gumakan mutane na faiba masu tsawon mita 6 ko fiye, a kafa a gaban gareji ko gidan abinci, wani riƙe da gatari, wani da salansar mota.

Ba duka ne don kuɗi ba, kuma waɗanda ba don kuɗi ba su suka fi taɓa zuciya. Ed Galloway malamin koyar da aikin hannu ne da ya yi ritaya kusa da Foyil a Oklahoma. Daga 1937 zuwa 1948 ya gina ginshiƙin siminti mai tsawon kusan mita 27, yana tsaye a bayan kunkuru, jikinsa cike da zanen tsuntsaye da fuskoki. A gefe ya gina ɗaki mai kusurwa 11 don ajiye ɗaruruwan gogen Turawa da ya sassaƙa da hannunsa. A Catoosa, ita ma a Oklahoma, Hugh Davis, wanda ya daɗe yana aiki a gidan namun dajin Tulsa, ya lura matarsa Zelta tana son tara 'yan gumakan ƙaton kifin teku. Sai ya ɗauki bututun ƙarfe da siminti ya gina mata guda mai tsawon kusan mita 24 a bakin kududdufinsu, ya shafa masa shuɗin fenti, ya miƙa mata a 1972 a matsayin kyautar zagayowar ranar aurensu. Yaran gari suka mai da bakinsa ƙofa, wutsiyarsa wurin tsalle cikin ruwa. A Cawker City ta Kansas wani manomi, Frank Stoeber, ya fara naɗe ragowar igiyar ɗaurin ciyawa a 1953 don kada ta lalace a banza. Dunƙulen ya yi ta girma har aka gina masa rumfa a tsakiyar gari, kuma duk shekara mutanen gari na taruwa su ƙara masa.

Akwai wani ɓangare na wannan zamani da allunan niyon ba su nuna ba. Ba kowane matafiyi ne allunan nan suke kira ba. Baƙar fata da ya kama hanya ta 66 a 1950 yana iya tafiyar yini guda bai sami wurin da zai yarda ya ba shi ɗaki ko ya sayar masa da abinci ba. Garuruwa da yawa a kan hanyar suna da doka, rubutacciya ko wadda kowa ya sani, cewa kada rana ta faɗi baƙar fata yana cikin gari. Shi ya sa iyalai ke tafiya da guzurin abinci, da bargo, da jarkar mai, har da fo na yara. Wani ma'aikacin gidan waya a Harlem, Victor Hugo Green, ya fara buga ɗan littafi a 1936 mai jera otal-otal, gidajen mai, shagunan aski da gidajen mutane da ke karɓar baƙaƙe. Ana kiran sa Green Book, kuma an ci gaba da buga shi har bayan dokar daidaita 'yancin jama'a ta 1964. Kusa da garin Luther a Oklahoma, iyalan Allen Threatt, baƙaƙen fata masu gonar kansu, sun gina gidan mai da dutsen da suka haƙo a gonar, ya zama wurin da matafiyi zai sha mai, ya ci abinci, ya kwana a fili ba tare da fargaba ba.

Haka ma 'yan asalin ƙasar. Hanyar ta ratsa ƙasar ƙabilu fiye da 25, kuma kamanninsu ne aka fi yin talla da su. Amma tantin mai tsini da aka kwaikwaya a Holbrook na ƙabilun filayen tsakiyar ƙasar ne. Navajo da Hopi da ke maƙwabtaka da garin ba su taɓa zama a irinsa ba. An sayar wa matafiyi hoton da ya saba gani a silima, masu ƙasar kuwa suna gefe suna sayar da barguna da azurfa ta hannun dillalai.

Abin da ya kashe hanyar nasararta ce. Motoci sun yi mata yawa, ga ta ƙunci, ga kwanoni, haɗari ya yi ta cin rayuka. Shugaba Dwight Eisenhower kuwa yana da nasa dalilin. A 1919, yana matashin hafsa, ya bi ayarin motocin soja daga Washinton zuwa San Francisco, tafiyar ta ci kwana 62. A lokacin yaƙi kuma ya ga manyan titunan Jamus. Ranar 29 ga Yuni, 1956 ya sa hannu a dokar gina tagwayen hanyoyi na tarayya masu tsawon kusan kilomita 66,000. Sababbin hanyoyin ba sa shiga gari, ba danja, ba mararraba, ba a fita sai a inda aka yi mafita. A bakin mafitar kuwa manyan kamfanonin otal da abinci ne suka kama wuri, ɗaki iri ɗaya, abinci iri ɗaya daga wannan teku zuwa wancan. Dokar ƙawata hanyoyi ta 1965 ta zo ta rage allunan talla. Mai kogo da mai ƙaton gunki suka rasa murya.

Garuruwan sun mutu ɗaya bayan ɗaya, wasu a yini guda. A Seligman ta Arizona ranar ita ce 22 ga Satumba, 1978. Angel Delgadillo, mai askin garin, wanda aka haifa a bakin wannan titi a 1927, ya sha ba da labarin yadda aka buɗe sabuwar hanya da rana tsaka, titin da dubban motoci ke bi kullum ya yi tsit. Gidajen mai suka rufe, matasa suka watse. Williams, ita ma a Arizona, ta yi ta shari'a don jinkirta abin, amma ranar 13 ga Oktoba, 1984 aka kewaye ta, ita ce ta ƙarshe. Ranar 27 ga Yuni, 1985 aka soke lamba 66 daga jerin hanyoyin tarayya, aka cire allunanta, aka share ta daga taswira.

Daga nan haihuwa ta biyu ta fara, kuma a shagon aski ta fara. Delgadillo ya lura cewa 'yan baƙin da ke ratsowa ba mai suke nema ba, hanyar kanta suke nema, wadda iyayensu suka bi da su suna yara. Ya yi shekaru yana wa mutane magana ba mai saurare. A Fabrairu 1987 ya kira taro a wani gidan abinci na garin, mutum 15 suka zo, aka kafa ƙungiyar raya tsohuwar hanya ta jihar Arizona. Suka dami hukuma da wasiƙu da ziyara har a Nuwamba na shekarar ta amince ta sanya wa ɓangaren Seligman zuwa Kingman suna hanyar tarihi, aka mai da alluna. Sauran jihohi bakwai suka bi sahu. Littafin Michael Wallis kan hanyar ya fito a 1990, a 1999 kuma majalisar dokokin tarayya ta yi dokar tallafa wa gyaran tsofaffin gine-ginenta.

Abin da ya faru a wannan lokaci shi ne kayan aiki sun koma kayan kallo. Famfon mai da babu mai zuwa sha, akwatin kiɗa da ake jefa wa kwabo, allon otal da aka rushe, duk aka share musu ƙura aka jera. A Clinton ta Oklahoma an buɗe gidan tarihin hanyar a 1995, kowane ɗaki da shekarunsa goma da kiɗan zamaninsa. A Pontiac ta Illinois tsohon ofishin 'yan kwana-kwana aka mayar gidan tarihi a 2004, a can ne aka ajiye motar Volkswagen ta mai zane Bob Waldmire, wanda ya yi shekaru yana zarya a kan hanyar yana zana taswirarta da hannu har rasuwarsa a 2009. A Odell 'yan sa-kai ne suka gyara gidan mai na 1932. Mutanen Catoosa suka sake wa kifin Davis fenti bayan ya yi shekaru a yashe. A San Bernardino, filin da 'yan'uwan McDonald suka buɗe gidan abincinsu a 1940 ya zama gidan tarihi mai cike da kayan wasan yara da tsofaffin kofuna da jama'a suka kawo da kansu.

Mai saurin yanke hukunci zai ce tarkace ne. Ni ban yarda ba. Waya mai ƙaya da mutanen McLean suka tara, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ita ce ta rufe makiyayar da ba ta da iyaka a yammacin Amurka. Ita ta tare burtalin shanu da mashaya, ta jawo rikicin yanke shinge tsakanin masu garke da masu fili a Teksas a 1883, ta kuma taimaka wajen ƙuntata wa 'yan asalin ƙasar. Manyan gidajen tarihi na birane suna ajiye takobin janar da alƙalamin shugaba. Ƙananan nan su suka ajiye abin da talaka ya riƙe da hannunsa yana neman abinci.

Fim ɗin yara na Cars da kamfanin Pixar ya fitar a 2006, labarin garin da sabuwar hanya ta kauce wa, ya kawo sabon zubin baƙi. Yau a Seligman za ka ji Jamusanci da Faransanci da Japananci a bakin shagon tsaraba, wasu a kan babura, wasu a manyan bas. Da yawansu suna kewar zamanin da ba su rayu a cikinsa ba, a ƙasar da ba tasu ba. Ba laifi ba ne, kuma kuɗinsu ne ke riƙe da garuruwan. Damuwata ita ce zamanin da ake sayarwa an tace shi. An bar mota mai sheƙi da fitilar niyon, an zubar da mai gudun fari da mutumin da aka hana ɗaki. Sai a 'yan shekarun nan ne aka fara gyara wannan. Ƙabilun asali sun fitar da nasu littafin jagora na hanyar a 2016, a 2021 kuma wata babbar ƙungiyar kare gine-ginen tarihi ta Amurka ta sa gidan man Threatt cikin wurare 11 da suka fi fuskantar barazanar lalacewa, abin da ya jawo masa tallafin gyara. Ginin har yanzu yana hannun jikokin wanda ya gina shi.

Ranar 11 ga Nuwamba, 2026 ce hanyar ke cika shekara 100, kuma mafi yawanta har yanzu mota na iya bi. Duk wanda Allah ya kai shi can, ya ware ko yini ɗaya ya sauka daga tagwayen hanya. Ya shiga ƙananan gidajen nan, ya tambayi dattijon da ke bakin kanta wa ya tara kayan da dalilin tara su, ya jefa abin da ya sawwaƙa a akwati. In ya kai Oklahoma kuma, kada ya tsaya a kifin Catoosa kaɗai, ya ƙarasa Luther ya ga gidan man Threatt.